Garin da samarinsa suka tafi nema

Ina tsugune ina wanke matakalar gidan da nake aiki a unguwar Bani Malik ta Jidda, zufa har cikin ido, sai ga kiran bidiyo daga ƙanena Sani. Shekarun baya ya tsallaka Italiya, aka ajiye shi a wani ɗan gari can kan dutse.

"Yaya, ajiye tsumman nan ki ga garinmu."

Ya nuna min hasumiyar da mutanen dā suka gina don hango mahara, da lungunan da ko mota ba ta shiga, da rabin cocin da girgizar ƙasa ta bari a tsaye. Yanzu shi ke zagayawa da baƙi, don tsohon da ya koya masa tarihin garin ƙafafunsa sun daina hawan tudu.

Na ce, "To ina mutanen? Duk ƙofofi a rufe."

Ya ce, "Samarin sun tafi nema, Yaya. Tsofaffi ne suka rage. Kullum da la'asar suna zama a dandali suna kallon hanya."

Na san shi ma Inna ya tuna, ita kaɗai a gida. Ni ba iƙama, wato takardar izinin zama, in na fita shi ke nan, ba dawowa. Shi ma takardunsa ba su fito ba.

Uwar ɗakina ta ƙwala min kira daga sama, na kashe ko sallama ba mu yi ba.

Wallahi na gaji. Ku da kuka bar tsofaffi a gida, da me kuke rarrashin zuciya?