Allurar Man da Aka Kafa da Hannu

Ba na jin akwai ranar da zan manta yadda allurar da ke nuna yawan man mota ta kusa hana ni aure. Na ce kusa don ba na son ƙara gishiri, amma waɗanda suka je wurin sun san ƙiris ya rage.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a Magariya, aka sa ɗaurin aurena a Dogo-Dogo bayan sallar Juma'a. Motar yayana ce za ta kai mu, da Baffa wanda zai karɓa mini auren, da goro da dabino. Ana gab da biki famfon man motar ya mutu, muka kai ta garajin wani makaniki mai baki kamar rediyo. Ya sauke tanki, ya sa sabon famfo, ya mayar. Muka cika ta da esansi, wato fetur, har wuya, amma allura ta kwanta abinta a ƙasa kamar ba a zuba ko ɗigo ba.

Muka koma masa. Na ce, "Malam, ni ba sana'ata ba ce, amma ko ɗan robar nan mai yawo a kan mai ne ya maƙale wajen mayar da famfon? Wataƙila a sake sauke tankin a duba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mushe malamin makaranta, nan ba aji ba ne. In sake sauke tanki saboda allura? Yanzu tankin cike yake?"

Muka ce cike yake. Sai ya ɓalle gilashin tablon da ke gaban direba, ya sa yatsu ya zare allurar, ya sake kafa ta a kan cike, ya kaɗe hannunsa. "To ga ta nan. Da saura?"

Wallahi a gabana aka yi haka. Kuma yayana, magidanci mai gemu da iyali, ya buɗe baki ya ce masa, "Allah ya ƙara basira."

Kwanakin nan motar ba ta huta ba. Wannan ya are ta ya ɗauko gwaggo a Sassumbrum, wancan ya kai mata kasuwa. Duk wanda ya shiga sai ya ga allura a sama, ya ɗauka wanda ya riga shi ne ya cika tanki, har ya sa masa albarka. Dangi guda suna ta yabon kirkin juna, babu wanda ya zuba ko kwalba ɗaya.

Safiyar Juma'a na ce, "Yaya, ban ce akwai matsala ba, amma da za mu riƙe bido ɗaya na mai, ko da ƙaramar jarka ce, ko don hankali ya kwanta."

Ya ce, "Ango, tsoronka ya yi yawa. In sa bido, goron fa in ɗora shi a kaina? Kana da ido, dubi allura."

Mun wuce Dungas, mun shiga rairayi, sai motar ta yi tari ta mutu. Ba gari kusa, ba rezo a waya balle mu kira wani. Yayana ya buɗe gaban mota yana hura wannan, yana jijjiga wancan. Komai ya zarga ban da mai, tunda allura ta ce cike. Ni kuwa na durƙusa da farar shaddata na ƙwanƙwasa tankin, ya amsa mini kamar tulun da ba komai a ciki.

Baffa ya leƙo ta taga ya ce wa yayana, "Kai, da kai da allurar taka, wa ya fi wani hankali?"

Rana ta take tsaka kafin wani mai babur ya biyo hanyar. Haka muka ɗora Baffa, dattijo mai ciwon gwiwa, ya tattare babbar riga ya rungume huhun goro, suka tafi suna tangaɗi. Ko da ya isa an sauko daga masallaci, jama'a sun gaji da jira sun watse. Wani kawun amarya yana ta faɗa, wai ƴan birni sun raina su, a fasa kawai. Baffa ya yi ta ba da haƙuri, sai bayan la'asar aka ɗaura auren a gaban mutanen da ba su cika tabarma biyu ba. Ni a kan amalanke na iso, na tarar an shafa fatiha. Surukina bai sake mini fuska ba sai da aka yi sunan ɗanmu na fari.

Bayan biki na matsa aka koma garajin. Da aka sauke tankin, ga ɗan robar nan tiyo ya danne shi a ƙasa. Na zaci makanikin zai ji kunya. Ko a jikinsa. Ya ce, "Ai allura kuka ce ba ta nuna daidai, kuma na sa ta nuna. Wa ya ce ku daina zuba mai?"

Ban ce duk makanikai haka suke ba, kada in ɗauki alhakin mutane. Amma tun daga ranar na koyi cewa in ka kai wa mutum gyara, ka tsaya ka ga ko ɓarnar ya gyara, ko kuwa abin da ke nuna maka ɓarnar ya toshe wa baki. Kuma duk abin da kullum labari mai daɗi yake ba ni, mutum ne ko na'ura, sai na durƙusa na duba da kaina.