Gefen Takardun Baba

Littattafai biyu na taɓa bugawa a rayuwata, kuma duka biyun gara ce ta fi kowa karanta su. Haka muka saba a Kano. Ka kai rubutunka maɗaba'a, su ce ba sa tayar da inji sai a kan kwafi dubu, ka kwaso dubun a adaidaita-sahu, ka raba wa dangi da abokai, sauran ka tura ƙarƙashin gado. Matata ta yi shekaru tana shara tana zagaye kwalayen nan, har ta sa musu suna 'ya'yan Malam da suka ƙi tashi.

Shi ya sa ranar da wata malama, abokiyar aikina a sakandaren da nake koyar da Hausa, ta ajiye mini littafinta a kan tebur ta ce kwafi ɗaya tak aka buga, dariya na yi mata. Na ɗauka, na juya shi, har shinshinawa na yi. Littafi ne sosai, da bangonsa mai sheƙi.

Na ce, "Malama, ɗaya fa kika ce? Wane mai maɗaba'ar ne ya haukace?"

Ta ce, "Malam, ai an wuce wurin. Fayil kake tura musu ta intanet, littafin ya zauna a kwamfutarsu. Duk wanda ya nema, a lokacin za a buga masa nasa a aiko masa. In ba a nema ba, ba a bugawa."

Na tuna kwalayena, wani takaici ya kama ni. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi kuwa na riga na san littafin da zan fara turawa, kuma ba nawa ba ne.

Mahaifina maɗinkin manyan riguna ne a Koki. Idan ya ajiye allura sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, a warwatsattsun takardu irin na malaman da, waɗanda ba a ɗinke su, sai dai a haɗa a zura a gafaka, wato jakar fatar da ake ajiye littafi. Baba yana da wata ɗabi'a. Duk abin da ya faru a gida ranar da yake rubutu, sai ya saka shi a gefen takardar da ƙananan haruffa: an haifi wane, wance ta rasu, ruwa ya kayar da katangar baya. Baitoci a tsakiya, rayuwarmu a gefe.

Ni kuwa mahaifiyata ta rasu ban ma kai yaye ba. Ba ta bar hoto ba, Baba kuma har ya koma ga Allah bai taɓa zaunar da ni ya ba ni labarinta ba. Na girma da sanin cewa idan akwai wurin da ta rage a duniya, to a gefen takardun nan ne.

Gafakar tana hannun Gwaggo, yayar Baba, a Gwammaja. Tsohuwa ce tukuf, idonta ya yi rauni, amma bakinta garau. Da na je aro sai da ta yi mini tambayar kabari kafin ta jawo ta daga ƙarƙashin matashi.

Ta ce, "Kwana uku na ba ka, ɗan nan. Ka ga takardun duk sun fara marmashewa. Kullum na ɗaga sai na tsinci guntaye a kan tabarma, da sunan Allah a jikinsu. Tsorona kada in faɗi in mutu a zo ana tattaka su."

Na ce kada ta damu. Ban ma saurari ƙarshen maganar da kyau ba, hankalina ya yi gaba.

Wani shagon kwamfuta na kai su kusa da Ƙofar Nassarawa. Mai shagon tsarana ne, mutum mai haƙuri, yana ɗora takardun ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin injin da ke ɗaukar hotonsu, ni kuma ina miƙa masa. A rana ta biyu na ɗago wata takarda mai waƙar haƙuri, sai idona ya faɗa kan jar tawada a gefenta. Na haɗa haruffan farko da ƙyar, don ajamina na ɗan boko ne, mai tafiyar hawainiya. An rubuta: "Yau uwar yaron nan ta ce mini". Rubutun ya gangara har ƙasa, ya karya kwana, ya bi gindin takardar.

Ga janareta na ruri, ga mutane cike da shago suna jiran a buga musu takardun neman aiki. Na ce a raina ba a nan ba. Na kai takardun gida da yamma, can ma ban buɗe ba. Na yi wa kaina alkawarin sai littafi ya fito, in yi alwala, in je ɗakin Gwaggo in zauna in karanta a natse. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Na haura shekara hamsin ina jiran muryar matar nan, da ta zo kuma sai na kasa.

A rana ta uku muka buɗe shafin intanet na masu bugawar. Nan na ga zaɓi kamar rumfar 'yan atamfa. Girman littafi kala-kala: akwai babba kamar rajistar aji, akwai matsakaici, akwai ƙarami mai shiga aljihu. Takarda fara ko mai ruwan madara. Bango mai sheƙi ko marar sheƙi. Na fi awa guda ina jayayya da mai shago a kan launin bango, kamar wanda zai ɗinka rigar sallah. Girma kuwa ko minti ɗaya ban ɓata ba, na ce ƙaramin. Ina hango dattawa suna zaro shi daga aljihu a ƙofar masallaci.

Muka tura, shafin ya dawo mana da shi da jan gargaɗi. Mai shago ya karanta ya ce, "Malam, rubutun gefen nan ya shiga inda wuƙar injinsu za ta yanka. In na ƙanƙance shafin gaba ɗaya, ba mai iya karantawa. Ko dai mu koma babban, komai ya shiga, ko in yanke gefen mu bar baitocin kawai."

Na ce, "Yanke. Gefen ai sirrin gida ne, ba na kasuwa ba."

Ya ce, "To in ajiye hotunan farkon daban? Kwamfutar ta cika, amma in ka kawo filashi, ɗan abin adana fayil, sai in zuba maka."

Har yau ina ganin yadda na kaɗa masa hannu, irin na wanda ya san komai. Na ce, "Bar wahalar da kanka, na asalin yana gida." Ya yanke a kan hotunan, ya adana yankakkun a madadin na farkon. Shafin ya karɓa. Da la'asar na mayar wa Gwaggo gafakarta, ina ji da kaina na cika alkawari.

Bayan 'yan makonni littafi ya iso, kwafi ɗaya a cikin ambulan mai kauri. Rubutun Baba ne da hannunsa, baƙi wuluk a kan takarda mai ruwan madara. Ranar Juma'a ina saukowa daga masallaci na zarce Gwammaja. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta shafa bangon, ta kanga shi a ƙirji, hawaye na bin kuncinta.

Ta ce, "An buga?"

Na ce, "An buga, Gwaggo."

"Irin na kasuwar Kurmi?"

Nan bakina ya ɗebe ni. Na ce, "Ai ya fi na Kurmi. Wannan ba ya ƙarewa. Ko mutum yana Makka ya nema, za a buga masa. Gara ba ta cinsa, gobara ba ta cinsa."

Ta ɗora hannu a kan matashin da gafakar take ƙarƙashinsa. "Duk abin da ke cikin nan yana ciki?"

Na ce, "Duk yana ciki." Waƙoƙin nake nufi. Wallahi waƙoƙin nake nufi.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka sauke mini kaya, Allah ya yi maka albarka."

A gidajenmu takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba ta zuwa bola. Idan ta tsufa ta fara zuba, kuma akwai wata a madadinta, ƙona ta ake yi a binne tokar a wuri mai tsarki. Na san wannan tun ina yaro, na sha riƙe wa Baba kasko yana yi. Amma na fito daga ɗakin nan ina fara'a, ko kusa abin bai zo mini a rai ba.

Asabar ta makon da ya biyo baya na shirya. Na yi alwala, na sa tabarau a aljihu, na tafi. Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, a ba ni gafakar, akwai abin da zan duba."

Ta jawo ta tana murmushi ta miƙo mini. "Dama taka ce. Ga gadonka, fata ce mai kyau, ka sa sabon a ciki."

Tun a hannu na ji ba nauyi. Na buɗe, na zura hannu har gindi, na kife ta na girgiza. Wani ɗan ƙura ne kawai ya zubo.

"Ina takardun?"

"Na sallame su ranar Litinin. Ni da kaina na yi, da bismilla, ban bar kowa ya taɓa ba. Tokar tana gindin lemon can."

Na leƙa tsakar gida. Ga bishiyar lemon tsami, ga ƙasa sabuwar tonawa a gindinta, an yayyafa mata ruwa an daddaɓe. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da Gwaggo ba, ranar na ɗaga mata murya har maƙwabta suka leƙo. Na ce wa ya sa ta, na ce me ya hana ta tambaye ni.

Ta bar ni sai da na gaji. Sannan ta ce a hankali, "Na tambaye ka, ɗan nan. Kai ka ce duk yana ciki."

Na fita ko sallama babu, na tari adaidaita zuwa Ƙofar Nassarawa. Mai shago ya buɗe fayil ɗin, muka bi shafi-shafi, kowanne an gyare shi tas kamar an yi masa aski. Ya duba kwandon sharar kwamfutar, ya duba ko'ina. Bai ce mini ai ya faɗa ba, kuma wannan kawaicin nasa ya fi zagi ciwo. Na kira malamar nan ko masu bugawar suna da na farkon da suka ƙi karɓa. Ta ce abin da ka tura na ƙarshe shi ne abin da ke hannunsu.

Kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba. A na uku na koma Gwammaja na durƙusa a bakin tabarmarta na ba ta haƙuri, na faɗa mata komai, har da jar tawadar. Na tambaye ta ko ta san abin da mahaifiyata ta ce.

Ta girgiza kai. "Ajiya aka ba ni, ba karatu ba. Ban taɓa bin layi ɗaya ba." Sai ta fashe da kuka irin na tsofaffi, marar sauti. "Ashe uwarka na ƙona maka."

Na ce, "A'a, Gwaggo. Ni na ce a yanke ta."

Daga baya na yi wata wauta da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Na koma shafin na canja girman, na nemi babban, wanda aka ce komai zai shiga. Na san sarai abin da zai zo, amma na yi ta jiransa kamar ana iya yi mini kuskure. Ya iso da gefe mai faɗi, fari fat. Na buɗe waƙar haƙuri. A inda mai shago ya yanke, hannunsa ya ɗan kauce, ya bar siririn layi na jar tawada daga sama har ƙasa, wutsiyoyin haruffa da 'yan ɗigo-ɗigo. Na sa tabarau, na kai shi bakin taga, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa har sau uku. Layi goma sha ɗaya mahaifiyata ta yi magana.