Akuyar Yaya Dije

Da sanyin shekarar da Nasara suka fasa Agadas, wata safiyar Laraba, yayata Dije ta dawo daga itace babu itace, sai jariri a goye. A gindin goruba ta tsince shi, kusa da uwarsa da ta mutu a hanyar gudu. Ni ina kora sanmu yana jan guga a lambu, ruwa na bin kwalbatin itacen dabino yana sauka cikin alkama, yana wani ƙyalli da har yau nake gani in na rufe ido. Ƙauyenmu yini guda ne daga birni. Abin da muka sani shi ne ban ruwa, korar tsuntsaye, da gina raƙuman laka a bakin kori, busasshen rafin nan, mu ɗora musu gishirin ƙarya mu ce mun tafi Bilma.

Babu mai shayarwa a gidanmu, sai wata baƙar akuya da nononta nawa ne tun da aka yaye ni. Dije ta kwantar da ita, ta danne ƙafafunta da gwiwa, ta kafa bakin yaron a hantsa. Inna ta ce, "Ke ko nono ba ki fitar ba, kin kwaso wa kanki uwarci." Aka sa masa Tsintau. Ba a daɗe ba akuyar ta fara zuwa da kanta in ya yi kuka, ta raba ƙafafu a kansa tana tuƙa, ni kuwa ina shan kunu gaya ina hararensu.

Sai sojan Nasara suka zo karɓar dabba, gida ɗaya kai ɗaya. Baba ya nuna akuya. Dije ta fito da ita, yaron maƙale a hantsarta, ta ce wa babbansu, "Baba soja, in za ka ɗauka, haɗa da shi." Mutumin ya daɗe yana kallo. Ya wuce akuyar, ya kwance sanmu.

Ni da Baba muka koma jan guga da kafaɗa. Alkama ta ƙone, dabino ya bi ta, muka tattara muka shigo birni. Aka jefa ni lakwal, makarantar Nasara, na fita ban gama ba. Dije kuwa ba ta daina ba: duk inda yunwa ko ƙyanda ta bar marayu, daga Ingal har hanyar Djado, can za ka same ta da garken awakinta. Yanzu likita ma aika mata yake in madarar gwangwani ta ƙare, kuma shi ake yi wa godiya.

Tsintau tela ne a unguwar Dagmanet, da 'ya'yansa cike da gida, yana ce mini kawu. Lambunmu rairayi ya cinye, ko bakin rijiyar ban iya nunawa. Nakan zauna a rumfarsa ina jin ƙarar kekensa, in nemi wanda zan yi wa fushi in rasa.