Yatsun Baba da Fiyus ɗin Yaya

Mahaifinmu mai rewaya ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran wayoyin mota a rumfa ɗaya, can ƙarshen gareji. Sababbin motocin nan masu kwamfuta ko kallo ba su ishe shi ba. Shi tsofaffi yake so, irin waɗanda in ka buɗe ƙasan sitiyari wayoyi za su zubo maka kamar kayan ciki. 'Yan gareji Baba Fiyus suke ce masa, domin ko ɗan uban waye kai, ba zai sa maka fiyus ɗin da ya fi ƙarfin wayarka ba. Yakan ce ɗan abin nan an yi shi ne don ya ƙone a madadin mota, wanda duk ya hana shi ƙonewa gobara ya gayyato.

Ni ce autarsa. Ɗinki nake yi, shagona yana kallon rumfarsa, shi ya sa ni na fara lura idonsa ya soma tafiya. Sai in hango shi ya ɗaga waya yana jujjuya ta a rana, yana tsaki. Ja da ruwan ƙasa sun zame masa abu ɗaya. Rannan ya haɗa wata inda ba gurbinta ba a motar wani mai kanti, fiyus ya ƙone nan take. Ba abin da ya lalace, ya canza ya gyara, amma ina, bakin 'yan gareji ba ya rufuwa. Kafin yamma labari ya kai kunnen Yaya, babban wanmu.

Yaya mutumin kirki ne, sai dai akwai son a ce shi ya yanke magana. Ya tara mu a gida ya ce tsufa ya zo, a rufe rumfa tun kafin Baba ya ƙona motar mutane a ji kunya, shi zai ɗauki nauyin komai. Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi fita, shi za a zaunar a ƙofar gida yana korar ƙudaje? Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Yaya ya kawo tsohuwar motar nan tasa da yake ji da ita, wadda ke ɗauke fitila tana ƙauri, yaran zamani sun kasa gane kanta. In shi ma ya kasa, da hannunsa zai miƙa makullin rumfa.

Washegari da hantsi Yaya ya kawo ta. Makanikai suka watsar da aikinsu suka zagaye mu, wasu har da ɗauko benci, 'yan son ganin ƙwaƙwaf. Baba ya cire kan batir tukuna, kamar kullum, sannan ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafu a waje. Ko tocila bai nema ba. Da yatsa ya dinga bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya kan ta fitila, wadda robarta ta goge tana taɓa ƙarfe, ta kumbura don zafi. Ya bi ta har akwatin fiyus. Ni kam tsoro ya gama kama ni, sai murza bakin mayafi nake.

Da ya fito, akwai ɗan abu a tafin hannunsa: fiyus ne da ya daɗe da ƙonewa, an naɗe shi da takardar kwalin sigari mai ƙyallin nan, an mayar don wuta ta ci gaba da wucewa.

"Wa ya yi wannan?" in ji Baba.

Can Yaya ya sosa ƙeya ya ce ai a hanya fitila ta mutu masa wata uku da suka wuce, wani direba ya nuna masa dabarar, shi kuma ya manta.

"Da wannan kake kai min jikoki makaranta?" Baba ya tambaye shi. "Ni da ka ce na makance na ji ta da yatsa. Kai mai ido biyu wata uku kana zaune a kanta."

Ya riƙe motar, ya ce ba za ta fita ba sai ya ja mata sabuwar waya. Yaya ya tari tasi ya tafi, bai sake ta da maganar rufe rumfa ba.

Da mutane suka watse, Baba ya kira ni ciki. Ya ɗauko naɗin waya biyu ya kawo su dab da fuskarsa, ya daɗe a haka, sannan ya miƙo min.

"Auta, wacce ce ja?"

Na nuna masa. Ya ƙulla mata ƙulli ɗaya a baki, ta ruwan ƙasan ya yi mata biyu. Ya ce kullum da safe in biyo kafin in buɗe shago, in faɗa masa kala shi ya ƙulla, sauran aikin yatsunsa sun ishe shi. Tausayinsa ya kama ni, hawaye suka zubo, ina ganin ai ba zai gani ba.

"Daina ja min hanci a ka," ya ce. "Miƙo min filaya, mota biyu ke jirana."