Ranar da Ilham ta cinye tambayoyin baƙuwa

Jiya na je ɗauko 'yata Ilham daga Islamiyya a nan Gyaɗi-Gyaɗi, sai na hango wata mata ta tsuguna a gabanta. Tana ganina ta miƙe, ta faɗa adaidaita sahu.

Ilham shekararta shida. Kullum muna wasan katin tambayoyi a gida: in zaro kati in karanta, in ta amsa da sauri in ba ta alawa.

Da matar ta tafi, Ilham ta rugo da murna, alawa a hannu.

"Mama, na cinye duka!"

"Me kika cinye?"

"Tambayoyin Anti. Sunan Abba, launin ƙofarmu, da wanda yake zuwa ɗaukata in kina wurin aiki."

Ni da kaina na saba mata da amsa kowace tambaya.

Yau na yanki kwali, na rubuta sabon kati: "In baƙo ya tambaye ki gidanku fa?" Ta yi shiru tana tunani. Na ce shirun nan shi ne amsar.

Iyaye, ku kun koya wa naku tambayar da ba a amsawa?