Ranar da Aka Sauko da Ɗana Daga Kan Dutse

Har in koma ga Allah ba zan manta da wannan kaka ba. Lokacin ganye ya fara zuba a Edmonton, rana na faɗuwa da wuri. Shekara ce mai nauyi, don a farkonta muka binne maigidana, flat ɗin ya yi mana shiru. Shi ya sa da babban ɗana ya ce ya yi booking na jirgi, shi da abokinsa za su je wata ƙaramar masarauta can cikin duwatsun Asiya, ban hana ba. Na ce ya je ya sha iska.

Shiri kam ya yi shi. Ya sayi takalmin hawa dutse da rigar sanyi mai kauri, ya nemi biza, ya tanadi maganin gudawa da na tsarkake ruwa, har allura ya je aka yi masa. Na ƙara masa dambun nama da yaji. Ya yi dariya, ya ce min da Turanci, kamar yadda ya saba amsa min, "Mama, ba yunwa ake yi a can ba."

Wata rana bayan azahar ina wanke shinkafa waya ta yi ƙara. Abokin ne, ɗan zango daga Ghana, yaro mai ladabi.

"Mma, kar ka tsorata. Cikin shi na ciwo, gefen hagu, tun da muka hau sama. Mai jagora ya ce abinci ne. Gobe za mu ƙara gaba."

Ina jin nishin ɗana ta bayansa. Na san kukansa tun yana jariri, amma wannan ban taɓa jin irinsa ba.

Hannuna a jiƙe na kira ƙanwar maigidana, nas ce a babban asibitin Camberwell. Ta saurara, sai ta ce, "Yaya, mene ne jininsa?"

"AS ne. Ai ba sikila ba ne, lafiyarsa lau. Ko zazzaɓi bai cika yi ba."

"Innalillahi. Yaya, ki ce su sauko da shi yanzu. Ba gobe ba, yanzu."

Ta bayyana min a hankali. A can sama iska ba ta da ƙarfi, kuma mai irin wannan jini, ko bai taɓa ciwo ba, jinin kan iya toshewa a saifarsa. Mu kuwa ba ma zancen AS sai in aure ya taso. A gwada, a ce wance ta dace da wane, a rufe maganar. Shi ma likitan da ya yi masa allura ba a gaya masa ba, don yaron bai ɗauka abin faɗa ba ne.

Na sake kiran abokin na faɗa masa. Inda suke mota ba ta zuwa. A kan doki aka ɗora shi, mutanen ƙauye na riƙe da shi, har suka kai titi. Waya ta ɗauke. Na zauna a kan sallaya, shinkafar na cikin ruwa har ta kumbura, ƙannensa biyu suka dawo makaranta suka same ni haka. Kabarin ubansu ko ciyawa bai gama yi ba.

Sai washegari da la'asar abokin ya samu kira. Sun kai asibitin babban birni, an yi aiki, an cire saifar. Yana numfashi.

Ya rayu, alhamdulillahi, amma ba yadda ya tafi ya dawo ba. Yau shekaru ke nan kullum sai ya sha magani, kuma ɗan zazzaɓi kaɗan sai asibiti.

Abin da na koya shi ne, mai zuwa ƙasar duwatsu, kafin ya cika jaka ya fara sanin jininsa, ya faɗa wa likita da bakinsa, ko ba a tambaye shi ba. In ciwo ya kama shi a sama, ƙasa ake yi, ba gaba ba.

Da gari ya waye bayan kiran da aka ce min an yi aikin, ban tura ƙannen makaranta ba. Na sa musu rigunan sanyi, muka hau bas zuwa wurin likita, na ce a gwada min jininsu.