Hannun Inna a Kan Cikin Hadiza

Jiya ina yi wa 'yata Hadiza wankan jego, na ga tsohon tabon ɗinki a cikinta, sai Inna, uwar mijina, ta faɗo mini a rai.

Inna ba ta yarda da ciwon ciki sai ta taɓa. Ko kyanwarta ce ta ƙi abinci, takan ɗora mata tafin hannun nan nata mai ƙanshin daddawa, ta danna a hankali.

Shekarar da naira ta fito, zazzaɓi ya kwantar da Hadiza a Fagam. Cikin ya taurare kamar allo. Mijina Malam ya kira wanzami ya yi mata tsaga, ni kuma na jiƙa kanwa. Inna ta danna cikin, ta saki, yarinya ta ƙwalla ƙara.

Inna ta ce mini, "Ke, zubar da jiƙon nan! Haka kyanwata ta yi kafin ta mutu. Abu ya fashe a ciki, aska ba ta kaiwa can."

A bayan motar gyaɗa Inna ta rungumi Hadiza har Birnin Kudu. Likita ya ce hanji ne ya huje, ya wanke cikin, ya ɗinke.

Allah ya sanyaya makwancinki, Inna, ya karɓe ki da rahamarsa.